Ranar Da Na Kori Terna Daga Aikin Sa-kai

Terna ya mayar da ni abin dariya a unguwarmu ta Bukan Sidi, kuma har gobe ban ce na yafe ba.

Shekarar da wayar hannu ta shigo Lafia aka naɗa ni shugaban ƙungiyarmu ta sa-kai. Aikinmu yashe kwalbati kafin damina, don in ya toshe, gidana ruwa ke fara ci. Ni da ko firamare da ƙyar na gama, sai na sayi usur, na ɗauki kaina darakta.

Wata Asabar Terna, ɗan Tibi manomin doya, ya zo a makare daga gona. Na busa usur, na ce, "Na kore ka daga aiki!"

Ya dube ni a natse. "Oga, wane ne ya ɗauke ni aikin tukuna?"

Aka kwashe da dariya. Ya tura baronsa ya tafi. Ashe sheburan ma duk nasa ne. Sauran suka bi shi, aka bar ni da usur, ga hadari ya haɗo.

Washegari, fitowarsa daga coci ke nan, ya dawo da mutanen, suka yashe kwalbatin tas. Ruwa bai shiga ɗakin yarana ba.

Tun ranar ko yara "Oga Kora" suke kirana. Da na kai masa kaza, ya ce, "Oga, an maido ni aiki?"

Na ce, "Na gode, Terna, Allah ya saka. Amma ka sani, har yanzu korarre ne kai."