Fim Ɗin Yaya Jabiru Bai Iso Jidda Ba

Jiya da hantsi na sake zuwa shagon Kawu Gwadabe, mai sayar da fayafayan fim a bakin layinmu na Ammariyya. Tun ban gama sallama ba ya ɗaga hannu ya ce, "Mafi," wato babu.

Na ce, "Kawu, ai ban faɗi abin da ya kawo ni ba."

Ya ce, "Fim ɗin yayanki ne, na sani. Bai zo ba, Bashira. Masu fim sun ce na Saudiyya sai bayan Hajji."

"Da azumi ka ce mini bayan Sallah."

"Ni na ce? Su suka ce. Ni aikina in faɗa miki abin da suka ce, ke kuma aikinki ki harare ni. Ga wani sabo na Indiya, ki kai wa Hajiya."

Ban karɓa ba. Na juyo ina tuntuɓe da abayata, don ni ko faɗa na yi niyyar yi, muryata ce ke fara gudu ta bar ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Wannan ne karo na farko da nake rubuta abin da wani zai karanta ban da malamar makaranta, kuma hannuna sai rawa yake. Hausata ta cikin gida ce, sai ta littattafan da alhazai ke bar mana in za su koma. In kun ga Larabci ya leƙo, ku yi haƙuri da shi, shi ma ɗan unguwarmu ne.

Ga yadda abin yake. Yayana Jabiru a nan Jidda aka haife shi, amma iƙamarsa, wato takardar zama, ta mutu, kafilin da ya tsaya masa ya ɓace, wata rana aka tare shi a hanyar wurin aiki aka yi tarhil ɗinsa, aka tasa ƙeyarsa zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a talabijin. Shekarun baya ke nan. To bana sai ya bugo waya yana ihu, wai ya samu shiga fim. Mai gadi ya fito. Zai buɗe ƙofa, ya ce "Sannu da zuwa, Alhaji," ya rufe. Mu a gidanmu wannan ya fi a ce an ba shi minista.

Wadda ta fi kowa ɗoki ita ce kakarmu, Sitti Dela, don ita ta goya shi, kuma har gobe "angona" take ce masa. Yanar ido ta fara rufe mata gani, likita ya ce hasken sai raguwa yake. Ita kuwa abu ɗaya ke hana ta sukuni: ba ta yarda yaron nan yana cin abinci ba, kuma ba ta yarda yana da kowa a can ba. In ya ce lafiya lau yake, sai ta ce a waya kowa ƙato ne. Ya aiko hoto cikin babbar riga, ta kanga shi a hanci ta ce rigar aro ce, an saka don a ɓoye mata rama. "Ni so nake in ga yana motsi," in ji ta. "In ga tafiyarsa, tun ina iya gani."

Yanzu bari in gaida manya. Masu girma iyayen fim, sarakunan tsara rana, Allah ya ƙara muku nisan tunani. Na ji yadda kuka tsara abin, kuma wallahi ya burge ni. Fim zai fara fita a Kano. In ya huta, ya zaga sauran garuruwa. In ya sake hutawa, ya haura Nijar, ya leƙa Ghana, ya biya ta Sudan ya sha shayi. Mu mutanen Jidda sai ya tsufa ya yi furfura sannan a turo mana shi, kamar mai zuwa sauke farali a ƙarshen rayuwa. Wai duk don a hana masu kwafa. Ni yarinya ce, ban san kasuwanci ba, amma na karanta littattafai da ɗan dama, ban taɓa cin karo da inda aka ce in ka hana mutum sayen abu zai daina sonsa ba.

Kuma ranku ya daɗe, ai muna ganinku. Duk goman ƙarshe na azumi kuna nan, kun zo umra, kuna cikin kasuwar Balad kuna cika akwatuna da turare da jallabiyoyi. Akwatunan nan da suka zo ba komai a ciki, ba za a jefa mana faifai ko ɗaya ba? Na zaci nauyi gare shi, sai da na ɗaga wani a shagon Kawu na ji ko rabin burodin tamis bai kai ba.

Na kuma ji kun kafa kwamitin yaƙi da masu kwafa, an ƙaddamar da shi a otal, an yi jawabai, an ci kaji. Madalla. Mun kalli bikin, ya yi kyau ƙwarai. Faifansa ya iso Jidda a makon da aka yi shi, kwafi, a shagon Kawu Gwadabe.

Ana cikin wannan jira Gwaggo Mairo ta bugo daga Kano. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Kun kai wurin da Alhajin ya mutu? Wallahi na sha kuka." Umma ta ce, "Mairo, wane Alhajin?" Ta ce, "Au, ba ku gani ba? To matar ce ta saka masa guba." Halas, shi ke nan. An kashe mana Alhaji tun bai iso ba.

Da na dawo daga shagon jiya, na tarar da maƙwabcinmu Malam Na'ibi, mai koyar da yara karatu, yana zaune a ƙofar gida. Anti Mastura, ƙanwar Umma da ke aure a unguwar Safa, ta daɗe tana cewa fim ɗin yana intanet, in muna so mu zo. Ni kuwa tsoro nake ji. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Malam, sauke fim daga intanet sata ce?"

Ya ce, "Haƙƙin mutane ne, 'yata. Sun kashe dukiyarsu, sun sha rana."

"To in mai kayan ya ƙi sayar maka fa?"

"Sai ka yi haƙuri."

"Idon Sitti fa, Malam? Shi ma zai yi haƙurin?"

Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Ni yau kunnena bai da lafiya, ban ji kin tambaye ni komai ba." Na miƙe zan tafi ya ƙara da cewa, "In kun dawo ki gaya mini ko yaron ya rame."

Bayan azahar muka tari tasi, ni da Umma da Sitti, sai Safa. Anti Mastura ta riga ta sa kwamfutar mijinta aiki tun safe, layin yana ja kamar ana tatsar ruwa daga tsumma. Ta ce, "Ke kina kukan Kano? Turawa ma haka suke mana. Su kalla a can, mu da ko silima ba mu da ita mu zauna muna jin labari. Yalla, zaunar da Sitti kusa."

Masu karatu, abin da muka samu ba a cewa komai. Wani bawan Allah ne ya shiga silima a Kano ya ɗauka da wayarsa, kuma ina jin hannunsa ya fi nawa rawa. Hoton ya karkace, kowa a fim ɗin kamar yana hawa tudu. Ana jin wani yana tauna gyaɗa. Ana jin wani yana cewa a matsa masa. Sitti ta liƙa fuska a allo tana tambaya, "Shi ne wannan?" duk wanda ya gifta, har da jarumar.

Sai ga motar Alhaji ta tsaya a bakin ƙofa ta yi oda. Anti Mastura ta ce, "Ga shi nan, ga shi nan, yanzu zai fito!" Ƙofa ta fara buɗewa. A daidai nan wani ƙato a cikin silimar ya miƙe tsaye a gaban mai ɗauka, ya tare komai. Babu ƙofa, babu mota, babu mai gadi. Ƙeya kawai da kafaɗu.

Umma ta ce, "La ilaha illallahu." Anti Mastura ta fara tsine masa da Larabci. Ni hawaye ne ya cika mini ido, na ce shi ke nan, ga sakayyar sata.

Sai ƙaton ya ɗaga hannu biyu sama ya kwarma ihu: "Hada ana! Wallah hada ana! Jama'a ni ne! Ku duba, ni ne!"

Silima ta ɗauka. "Kai Ɗan Jidda, zauna mana!" "Mun gan ka, mai gadi!" Ya juyo yana dariya don ya rama, hasken allo ya faɗa kan fuskarsa, kumatu cike. Wani na kusa da shi ya kama gefen rigarsa yana ja yana cewa, "Jabir, don Allah zauna, za ka sa a kore mu."

Sitti ta ƙara matsowa. Ta ɗora tafin hannunta a kan allon. Ta ce, "Mayar." Muka mayar. Ta ce, "Sake." Muka sake. Sai da aka kira la'asar muna kan ƙeyar nan.

Daga baya ta jingina ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Ja'iri, ya yi wuya. Dubi ƙeya kamar ta mahauci." Sannan ta ce, "Kun ji wancan? Ashe angona yana da mai ce masa zauna."

Mai gadin kuwa har yanzu ba mu gan shi ba. Ko ya iya buɗe ƙofar, ko ya manta maganarsa, Allah masani.

To masu girma, ni ban ce abin da muka yi daidai ne ba, kuma har yanzu gabana yana faɗuwa in na tuna. In faifanku na asali ya gama hutawa ya iso, ni da kaina zan je in saya, don guminku ne. Sai dai Sitti ta ce in tambaye ku kafin ku wahalar da kanku: naku ma akwai wurin da yaro ya miƙe ya tare fim ɗin? In babu, ta ce ku riƙe abinku, jabu ne.