Yadda Za Ka Riƙe Kwamfutar Gida Bayan Ƙanwarka Ta Ci Bak, Kai Ka Faɗi

Kai da Baba ya saya wa kwamfuta don kai ne namiji, matso kusa. Bi matakan nan, ko yatsa ƙanwarka ba za ta ɗora mata ba. An gwada su a kan wani Chamsou, ɗan mai shago a unguwar Lalala.

1. Ɓoye tarihin.
Shekara biyu Chamsou yana ba ƙanwarsa Rachida hayar kwamfutar: rabin awa, ita kuma ta yi masa aikin makaranta. Yana kallon ƙwallo, tana lissafinsa. Da ya maimaita aji ta tarar da shi, ashe karatun ajin ƙarshe sau biyu ta yi. Kada Baba ya ji wannan.

2. Riga kowa magana.
Ranar sakamakon Bak, jarrabawar gama sakandare, ka shigo da fuskar ta'aziyya. Ce bana an danne maza. Yi sauri, don saƙon murya a zauren matan unguwa ya fi taksi gudu. Kafin Chamsou ya cire takalmi, guɗar Inna ta kai har unguwar Plaine Orety.

3. Ɗora wa na'ura laifi.
"Baba, ita ta cinye mini lokaci. Fitina ce. Ina tsoron ta lalata yarinyar nan."
Masu hikima sun ce wanda maciji ya sara shi ya fi dacewa ya ajiye macijin. Ban san su wa suka ce ba.

4. Nuna kai kaɗai ka iya ta.
Danna maɓallai da ƙarfi. Ɓata rai. Ambaci kalmar sirri.
A nan Chamsou ya ɗan yi tuntuɓe. Baba ya ce, "To buɗe mana takardar shiga jami'a mu gani."
Chamsou ya danna, ya sake dannawa. Ta ƙi buɗewa.
"Yaya, matsa," in ji Rachida. "Tun bara na canza ta. Kai ka ce in riƙa tuna maka."
Baba ya dube shi, ya dube ta. "Wace ce mai kwamfutar, ashe?"

5. In Baba ya yi wannan tambaya, yi shiru.
Ba amsa yake nema ba.

Sanarwa: Marubuci bai ɗauki alhakin kowa ba. Mai ƙorafi ya same shi a shago, bayan buhunan shinkafa, daga safe zuwa la'asar. Kada a turo ta imel. Rachida ce za ta karanta.