Ɗigo Shida na Janar Torvald

A duk faɗin garin Sundsvall babu mutum kamar Torvald Brännström, kuma shi ne farkon wanda zai shaida maka haka. Shekara tara yana shugabancin ƙungiyar mazauna wani bene mai gidaje talatin da biyu. A zamaninsa ba wanda ya taɓa manta safa a injin wanki bai wayi gari da takardar gargaɗi a ƙofarsa ba. Mazauna na kiransa Janar na Ɗakin Wanki. Da sunan ya kai kunnensa, sai ya ce ai jama'a ba sa rasa gane mai daraja.

Bana sai ga abokin takara, Rune, tsohon direban motar katako, wanda ba ya rabuwa da ɗan ƙullin nikotin, sinadarin taba, a ƙarƙashin leɓe. Mutane na son Rune. Janar ya yi kwana uku yana nazari, ya gano sirrin. Ba fara'arsa ba ce, ba kuma famfon da yake gyara wa maƙwabta kyauta ba. Leɓen ne.

Ranar zaɓe da hantsi ya shiga kantin Gunvor, ya tsaya gaban gwangwanayen ƙullin nikotin kamar mai duba faretin sojoji. Kowane gwangwani da ɗige-ɗigen da ke nuna ƙarfinsa, daga ɗaya zuwa shida.

"Sigari nawa kake sha a rana, Torvald?" in ji Gunvor.

"Ban taɓa ƙazantar da huhuna ba."

"To bar wa masu shi kayansu. In kuwa ka nace, ga mai ɗigo ɗaya."

Janar ya gyara wuyan riga. "Gunvor, mutumin da ya tsare 'yan kwangilar rufin bene da ido har suka sauke nasu, shi za ki miƙa wa abin 'yan koyo? Shugabanci nauyi ne. Ba ni mai shida."

Ta ba shi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Da yamma aka hallara a zauren ƙasa, ga kofi ga burodin kirfa. Janar ya bari sai da kowa ya zauna, sannan ya buɗe gwangwani da ƙara, ya cusa ƙulli a leɓe. Ya ga Rune ɗaya yake sawa, sai ya ƙara na biyu.

"Ya ku mazauna," ya fara, "jirgi ba ya tafiya sai da matuƙin da teku ba ta kaɗa shi."

Dasashinsa ya ɗau zafi kamar an goga barkono. Ya daure. A shafi na biyu gumi ya keto masa. A na uku shaƙuwa ta shigo taron ba tare da neman izinin shugaba ba, ta riƙa datse masa kowace jimla gida biyu. Yawu ya taru, girma ya hana shi tofarwa, ya haɗiye. Daga nan zauren ya fara juyawa a hankali, har da kujeru da tukunyar kofi.

"Ni mutum ne mai tsayawa da ƙafa..." Bai ƙarasa ba matuƙin ya sulale ƙarƙashin tebur.

Rune ne ya tallafo shi, ya sa takardar goge baki ya zaro ƙullin biyu, ya jingina shi jikin taga. Aka yi zaɓe yana can yana shaƙar iska, fuska kamar ɗanyen kabeji. Ƙuri'a biyu ya samu. Washegari ya manna sanarwa cewa burodin kirfa ne ya lalace, burodin da mutum talatin suka ci suka kwana lafiya.

Amma gwani ba ya barin fage haka nan. Bayan mako guda ya koma kantin, ya jira har masu sayayya suka watse, ya sunkuyo ya rage murya.

"Ba ni mai ɗigo ɗayan nan. Ba nawa ba ne, na Majken ne, matata. Kin san mata, ba su da juriya."

Gunvor ta ɗora gwangwanin a kan kanta, ta tura masa.

"Majken? Ai ita mai biyar take saye, Torvald. Kuma tana cewa ya yi mata sanyi."