Wuƙar da Ke Damtsena

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar tafiyarmu aikin Hajji ba. Shekarun da ake tawayen Buzaye a arewacin Nijar ne, kowa na tsoron mai rawani.

Mu bakwai muka taso daga Badagishiri, ni ne jagora (don na yi aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ba don komai ba). A cikinmu akwai Agali, Buzu makiyayi, wanda raƙumansa suka taɓa shiga mini lambun albasa. Ban yafe ba.

A filin jirgin Yamai muka tarar da jandarma biyu suna gardama. Babban ya ce shi fuska yake dubawa, ya ware wanda bai yarda da shi ba. Ƙaramin ya ce kowa sai ya bi ta ƙofar ƙarfen nan mai ƙara. Na tsoma baki ba a tambaye ni ba.

"Ranka shi daɗe, mu dattawa mi za a bincika? Ga mai rawani can, shi za ku duba."

Agali ya ji. Ya kwance rawaninsa gaban jama'a, ya wuce, ƙofa shiru.

Na gyara babbar riga na shiga. Ƙofa ta kama kuka. Aka laluba, sai ga wuƙa ɗaure a damtsena. Tun ina saurayi take nan, ni har na manta ba tare aka haife mu ba.

Babban ya ce a ware ni, a bar jirgi ya tafi ba ni. Albasar shekara tara na sayar na biya kujerar nan.

Sai Agali ya dawo, rawani a hannu.

"Wanga na san shi. Albasa yake yanka da ita. Bakinshi ne mai kaifi, shi kuma ba ya ciruwa."

Har babban ya yi dariya. Suka riƙe wuƙar, suka sake ni.

Na hau jirgi, jama'a! Kusa da Agali aka zaunar da ni, kuma kafin mu sauka Jidda na roƙe shi gafara. Na dawo Alhaji, da haƙorin Makka, aka tarbe mu da guɗa tun daga bakin kasuwa.

Tun ranar, kafin in nuna wani da yatsa sai na fara shafa damtsena.