Gumin Gilashin Motar Kafil

Lokacin korona kafil ɗina, wato Balaraben da nake yi wa direba a Qatar, ya sayo mota mai aiki da lantarki, ya tambaye ni ko zan iya da ita. Na ce masa ni da na ja tirela daga Kano zuwa Legas, wannan ai abin wasan yara ne.

Ranar farko zan ɗauko shi a Mushairib, ga zafi, iska ta jiƙe sharkaf. Ina fita Madinat Khalifa gilashin gaba ya yi gumi, ban ganin titi. Na danna maɓallin da ke busar da shi, shiru. Na ƙure hita har rigata ta manne a baya. Na goge da hula. Allon motar ma ya koma dishi-dishi. Kafil kuwa sai kira yake a waya, "Yalla, yalla!" wato in yi sauri. Shi mutum ne da ke sallamar direba a kan latti.

Na faka, na kira Bulus, wani makanike ɗan Jos. Na ce masa, "Zo ka gani, sun sayar wa Balarabe ruɓaɓɓiyar mota."

Ya zo ya zauna, ya dubi gilashi, ya dube ni. Sai ya miƙo hannu ya zare mini tabarau. Titi ya fito tar. Ashe takunkumin korona da na sa ne ke tura numfashina sama, tabarau ya yi gumi.

Ya ce, "Baba, gilashin da ya lalace a kan hancinka yake."

Da kafil ya ji labari ya yi dariya har da tari, bai kore ni ba. Amma har aka gama Kofin Duniya, duk direban da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Injiniya, yau an kai hancin garaji?"