Injin Malam Goni Ne Ya Rasu, Ba Malam Goni Ba

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Malam Goni mai tafireta na Fagge yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injinsa na ɗaukar hoton takardu, wanda aka fi sani da Mai Walƙiya. A lura da kyau: injin ne ya rasu.

Marigayin ya iso Kano ta jirgin ƙasa a shekarar ƙarin albashin Udoji, ƙarti suna nishi a ƙarƙashinsa. Aikinsa ɗaya ne, kuma ya riƙe shi da amana. Malam Goni zai buga uwar takarda sau ɗaya a tafireta, ya bar gurbin suna, ya kifa ta a kan gilashi. Marigayin zai ce “uuuum, ƙarass,” ya mai da ita hoto, ya yi ta haifo irinta. Bai san ƙarya ba. Ko ƙuda ne ya sauka a gilashin, da shi zai fito, kuma abin da ya zama hoto ba ya goguwa.

Wannan gaskiyar tasa ce ta ja mana. Mutanen Sabon Gari ba sa sanarwar mutuwa sai da fuskar mamaci, don haka Malam Goni ya yanke 'yar taga a tsakiyar uwar takardarsu, inda ake ɗora hoto. Ranar da ajali ya zo, Madam Agnes ta kawo aikin sanarwar mutuwar surukinta, tana sauri. Mai Walƙiya, wanda ya kwana biyu yana fama da tari da warin ƙauri, ya yi shiru. Malam Goni ya cire hoton tsohon, ya cusa fuskarsa a tagar don ya leƙa lafiyar fitila. Wal! Bawan Allah ya tattara sauran ƙarfinsa, ya ce “ƙarass, ƙarass, ƙarass,” ya cika. Idon Malam Goni na ganin taurari, ya naɗe takardun bai duba ba, Madam ta miƙa wa 'yan dakon tasha, suka manne su daga Sabon Gari har Titin Ibrahim Taiwo.

Wa ke karanta suna bayan ya ga fuska? Ga hanci a baje, ga ido a zare, kowa ya ce lallai ya sha jiki. Tun ranar gwaggonsa Fanta ke kuka a tsakar gidansa. Da ya shigo ya yi sallama, bango ta haura, da tsufanta! Mai nama ya gan shi ya zubar da tire. Abin da ya fi ƙona masa rai, maƙwabcinsa Ambrose ya riga ya je wurin mai gidan haya neman shagon, har da hawayensa, munafuki.

Marigayin ya bar tafireta guda, da kwalbar tawada da ba a fasa ba, da mai shi, wanda yake nan da ransa, yana cin tuwo.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da hantsi, a kan kura, zuwa rumfar Onyekachi mai gyaran rediyo, wanda ya yi alkawarin feɗe ta cikin mutunci. Zaman makoki a ƙofar shago ne, kuma ba a neman mai hayar shagon. Wanda za ku tarar a kan tabarma yana karɓar gaisuwa Malam Goni ne da kansa. Don girman Allah kada a gudu. Mai shakka ya matso ya taɓa shi.