Hukuncin Fararen Kuregu

A Kurmin Ɗorawa kuregu suna da sarki, suna da majalisa a gindin wata tsohuwar kuka. Kusan dukkansu launin ƙasa ne, kuma suna alfahari da hakan kamar su suka zaɓa. Jefi-jefi akan haifi fari fat, ko baƙi wuluk, ba wanda ya damu.

Sai mafarauta suka gano cewa masu haɗa laya da masu ƙawata ɗaki suna neman fatar farin kurege ido rufe. Suka shigo da karnuka, suna tone ramuka, suna kashe masu launin ƙasa barkatai kafin su dace da fari guda.

Sarki Tunau ya tara majalisa. Aka fara kiran Malam Bushiya, masanin fada, a ji dalilin wannan fari. Ya ce ba la'ana ba ce, ba shafar aljani ba ce. Irin farin yana kwance a jinin masu launin ƙasa da yawa, ba ya nunawa. Sai uwa da uba duka sun ɗauko shi yake fitowa a jikin ɗa. Baƙin ma gado ne, launi ne kawai ya yi yawa.

Galadima Barmo ya miƙe ya gyara jela. "Ranka ya daɗe, mun gode wa Malam. Da mun zaci fararen ne kaɗai matsalarmu, ashe har da gidajen da suka haife su. Mafarauci ba ya gaba da kurege, abin da yake nema yake nema. Mu kai masa su bakin daji, mu huta."

Wata uwa mai suna Ladingo, wadda 'yarta Tasalla fara ce, ta kutsa gaba. "Ranka ya daɗe, jiya Tasalla ta koyi binne gyaɗa. Idan kun miƙa ta bana, wa za ku miƙa baɗi?"

Aka sanar da ita cewa ba a ba ta izinin magana ba, saboda haka a wajen majalisa ba ta yi magana ba. Sarki ya amince da shawarar Galadima.

Washegari dogarai suka kora fararen da iyayensu zuwa fili, inda ba rami ba inuwa. Ladingo ta tafi tana kare 'yarta da jela. Kafin azahar karnuka sun gama.

Kurmi ya yi shiru har damina ta wuce. Da mafarauta suka dawo ba su sami fari ba, sai suka nemi baƙi. Majalisa ta zauna, ta miƙa baƙaƙen. Daga nan suka nemi mai jan wutsiya, sannan mai hasken ciki. Iyaye suka koma shafa wa jarirai laka kafin maƙwabta su zo barka. Duk da haka, a gidajen da aka tantance aka ce tsarkakakku ne, fararen ba su daina zuwa ba.

A zaman da ya biyo baya, wuri ya yi wa majalisa yawa. Galadima Barmo ya miƙe zai kawo sabon ƙuduri, sai ya lura ba mai kallon bakinsa. Sarki da dogarai haɓarsa suke kallo, inda furfura ta fara fitowa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi a hankali, "wannan tsufa ne."

Sarki ya ce majalisa za ta duba.